Okabango ko Luwangwa: Inda Ambaliya Ke Tara Namun Daji da Inda Take Warwatsa Su

Malam, ka ce hutunka zai faɗo ko dai a watan Yuli ko kuma a Fabrairu, kana son ka fita daga Jos ka je kallon namun daji, amma an gaya maka cewa ambaliya tana ɓata irin wannan tafiya, shi ya sa kake tambaya wanne ya fi tsakanin dausayin Okabango na Botswana da gandun dajin Luwangwa ta Kudu na Zambiya. Wanda ya gaya maka haka ya yi gaskiya a kan ɗaya daga cikinsu, domin abin da ya raba wuraren biyu shi ne inda ruwan ambaliyar yake fitowa.

Kogin Okabango daga tsaunukan Angola yake tasowa. Ruwan da aka yi a can da damina yana gangarowa sannu a hankali tsawon kilomita fiye da 1,000, ya ratsa Namibiya, sannan ya malale a cikin rairayin Kalahari ba tare da ya kai teku ba. Saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan yakan yi watanni yana tafiya, har sai ya cika ya tumbatsa tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da Botswana take tsakiyar rani kuma babu ko ɗigon ruwa daga sama. Mutanen Yawuri sun san irin wannan, don kuwa ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini yakan iso musu ta kogin Neja ne da hunturu, bayan daminarsu ta daɗe da wucewa. To, a Okabango daji ya bushe ta ko'ina, ga kuma ruwa ya mamaye fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 15,000, sai giwaye da ɓauna su yi ta kwararowa, zakuna na biye da su. Mai kallo yana zaune a ƙaramin kwalekwalen da suke kira mokoro, matuƙi na tsaye a baya yana tura shi da doguwar gora ta cikin bado, ruwan kuma garau har ana hango yashin ƙasa, giwa tana tsallakawa daga wannan tsibiri zuwa wancan ruwa ya kai mata ciki. Wannan yanayi yana cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, kuma shi ne na 1,000 a jerin.

Luwangwa kuwa ambaliyarsa ta ruwan gida ce. Damina tana kankama daga Nuwamba zuwa Afrilu, kogin ya cika ya shiga fadamu, hanyoyi su zama taɓo, yawancin ƙananan masaukan da ke cikin daji su rufe, sai na kewayen Mfuwe, garin da ke bakin ƙofar shiga gandun, ake samu a buɗe. Da yake kowane kwari ya tara ruwa kuma ciyawa ta yi tsawo, dabba ba ta da dalilin zuwa bakin kogi. Kai da ka san Yankari ka san wannan: da rani ake ganin namun daji a bakin kogin Gaji, da damina kuwa sai a wuni ana zagaye ba a ga abin kirki ba. Haka Luwangwa yake. Daga Yuni zuwa Oktoba ruwa yana janyewa, dorinai su cunkushe a sauran guraben da suka rage, kadoji su yi layi a kan yashi suna shan rana, kuma gandun ya yi suna wajen ganin damisa da dare. A nan ne kuma Norman Carr, wani Bature mai aikin kare namun daji, ya fara ɗaukar baƙi yawon daji da ƙafa, abin da har yau ake yi tare da ma'aikacin gandu mai bindiga.

Saboda haka, idan hutun ya faɗo a Yuli, duka biyun suna kan ganiyarsu, ɗaya don ruwa ya zo, ɗaya don ruwa ya tafi, sai dai aljihu ya raba gardama. Okabango yana da tsada ƙwarai, domin yawancin masaukansa sai da ƙaramin jirgin sama daga garin Maun ake isa gare su, kuma ƙasar ta zaɓi karɓar baƙi kaɗan masu biyan kuɗi da yawa. Ni dai da za a ba ni zaɓi a Yuli kuma kuɗin ya isa, Okabango zan nufa, don ambaliya a tsakiyar rani abu ne da ba kasafai ake samun irinsa ba.

Idan kuwa Fabrairu ne, ina ba ka shawara ka nemi a ɗaga hutun. A lokacin duka wuraren damina ake yi, ruwan Angola bai gama isowa ba, Luwangwa kuma ya cika, ko da yake mai sha'awar tsuntsaye da yawo a jirgin ruwa zai ji daɗi, farashi ma yakan sauka.

Ka tuna kuma cewa Yuli a kudancin Afirka lokacin sanyi ne. Rigar sanyin da kake sawa a Jos cikin Disamba ita za ka ɗauka, domin tun da asuba ake fita a buɗaɗɗiyar mota.