Cajar batir: ta taransifoma ko mai ƙwaƙwalwa, wacce za ka saya?

Duk wanda ya taɓa kai batirin mota wurin mai caji ya san akwatin ƙarfen nan mai nauyi da ke gurnani a lungun shago. Cajar taransifoma ke nan, kuma har gobe ita ta fi araha. Aikinta ɗaya ne, tura wuta, ko batir ya cika ko bai cika ba. In aka manta shi a kanta kwana biyu, ruwansa ya dinga tafasa yana ƙafewa, farantan dalmar da ke ciki su ci wuya. Mai shagon da ke zaune kusa yana leƙa ruwa yana taɓa jikin batir zai iya da ita. Wanda zai jona ya rufe gida ya tafi kasuwa kuwa, ya haƙura da arahar nan.

Caja mai ƙwaƙwalwa tana auna batir kafin ta ba shi abinci. A batirin dalma na bolt 12, takan fara da ƙarfi har ya kai wajen 14.4, sai ta tsaya nan tana rage abin da take turawa har ya ƙoshi, sannan ta sauko wajen 13.6 ta riƙe shi. Wannan riƙon shi ke ceton batirin janareta ko na motar da ke shafe makonni a ajiye. Batirin da aka bari da yunwa, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantansa, kuma in ya yi tauri, ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa duka.

Abin da masu saye suka fi mantawa shi ne zafi. Alƙaluman da ke jikin kwali na zafin digiri 25 ne a ma'aunin Celsius, alhali a Sakkwato ko Maraɗi watan Afrilu kan haura 40. A irin wannan yanayi batir na bukatar a rage masa kamar bolt 0.3 zuwa 0.4, in ba haka ba ana dafa shi ne da sunan caji. Don haka in kuɗinka ya kai, nemi wadda ke auna zafi ta daidaita kanta. Kamfanoni irin su CTEK na Suwidin, NOCO na Amurka da Victron na Holan suna yin irinsu, sai dai farashinsu ba na wasa ba ne.

Girma kuma, lissafin mai sauƙi ne: kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin batir. Batir mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka), caja mai amp 10. Na inbata mai 200Ah, amp 20. 'Yar ƙaramar cajar babur ba za ta cika shi ba ko ta kwana uku.

Mai batirin litiyom, wato LiFePO4 da ya shigo da harkar sola, ya tabbatar cajar tana da saitin litiyom a rubuce. Akwai wani maɓallin "gyaran batir" da ke ɗaga wuta sama da bolt 15 don farfasa gishirin nan. Na batiri mai ruwa ne kawai. Kada ka kuskura ka danna wa litiyom ko rufaffen batirin jel.

Ita ma mai ƙwaƙwalwar tana da nata aibin. Batirin da ya mutu murus, wasu ba sa ma ganinsa balle su fara caji, sai in suna da maɓallin tilastawa. Tambayi mai shago tun kafin ka biya. Sannan kasuwa cike take da masu kyallin fitilu da babu komai a cikinsu. Gwajin ba wuya: jona ta da cikakken batirin dalma, sa mitar auna bolt a kan kawunansa, ka ba ta 'yan awoyi. In ta sauko ƙasa da bolt 14 ko ta yanke da kanta, ɗauka. In ta ci gaba da hawa ta nufi 15 ba tare da ka danna komai ba, mayar masa da kayansa.