Masu jirage a dam ɗin Tiga da na Challawa, ku kula da mai tallan goran ɗaure jirgi

Assalamu alaikum 'yan uwa masunta da masu jiragen haya da ke shigowa Kano sayayya. Akwai wani mutum da ya cika Facebook da zaurukan WhatsApp da tallan goran roba, irin wanda ke zama a kan ruwa ana ɗaure jirgi a jikinsa. Cewa yake ɗan Kwatano ne daga jiragen Legas aka ciro, wai kuma shagonsa na Ƙofar Ruwa. Babu wani shago. Da ka ce ga ka nan zuwa sai ya ce ya fita, ka tura kafin alƙalami, yaronsa zai kai maka tasha.

Wasu daga tura kuɗin ya toshe lambarsu. Amma wanda aka kai wa kayan shi na fi jin tsoro a kansa, don shi gani yake ya yi ciniki.

Ƙanena ya karɓi nasa a nan cikin gari, kuma na juya shi da hannuna kafin ya wuce da shi Tiga. Ka ƙwanƙwasa, ka ji fayau, iska ce kawai a ciki. Na gaskiya kuwa cike yake da kumfar roba mai tauri wadda ba ta shan ruwa, ko ya tsage ba zai nutse ba. Sannan akwai ƙarfe ko bututu da ya ratsa tsakiyarsa daga sama har ƙasa, don sarƙa ta ɗauki jan jirgi kai tsaye zuwa bulon simintin da ke ƙasan ruwa. Na wannan mutumin zobe ne kawai aka ɗaure da noti a jikin roba. Ƙarfen ma da yake rantsuwa ba ya tsatsa, na sa makulli na karce shi, fentin azurfa ya ɓare, ga jan tsatsa a ƙasa. Ko girman bai kai ba. Lita 1 ta cikin gora kusan kilo 1 take iya tallafewa, to in sarƙarka ta kai kilo 20, me goran lita 20 zai yi maka? Kansa ma ba zai leƙo ba.

Ku tuna iskar farkon damina a dam. Zoben nan ya fizge cikin dare, sai a wayi gari jirgi da injinsa sun bar wajen, jarin mutum kenan gaba ɗaya. In kuma akwai yaron da ke kwana a ciki fa? Wallahi abin da ya hana ni yin shiru kenan.

Don Allah kada wanda ya tura ko sisi sai ya tsaya a ƙofar shago ya ɗaga kayan, ya ƙwanƙwasa, ya karce ƙarfen. In da hali ku tafi da wani tsohon hannu daga wajen Sarkin Ruwa. Wanda ya riga ya biya, ya adana shaidar tiransifa da hirarsu ta waya, ya sanar da bankinsa da wuri, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa. Wanda kuma ya riga ya ɗaure jirgi da shi, yau ɗin nan ya kwance ya jawo jirgin gaɓa.