Shagon haɗa intanet na PZ da ya yi mana aikin taron Samaru

Jama'a bari in ba ku labarin wani ɗan shagon haɗa netwok da ke PZ a Zariya, don wallahi sun cancanci a faɗa. Makon jiya muka yi taron horaswa na kwana uku a wani ɗakin taro a Samaru, mutum wajen 60 kowa da laftof ɗinsa, a ciki akwai 12 da ba sa iya taɓa aiki sai sun shiga VPN na ofishinsu da ke Abuja, wato keɓantacciyar hanyar da ke haɗa su da netwok ɗin ofis ta intanet. Su kuma waɗanda muka sayi layi a hannunsu /29 suka ba mu, wato adireshin IP (lambar da ake gane na'ura da ita a intanet) takwas a rubuce amma biyar ne kawai ke amfani.

Hankalina ya tashi, na ce Injiniya ya za a yi biyar ta ishi sittin? Ya ce Yallabai kwantar da hankalinka, ai irin wannan adireshin da ake kira IPv4 gaba ɗayansa biliyan 4.3 ne kuma tun Fabrairun 2011 IANA, hukumar da ke rabon adireshin a duniya, ta rabar da ragowar, shi ya sa ake tsada da rowarsa. Sai ya ɗora NAT, wato dabarar da na'urori da yawa ke raba adireshi ɗaya, a kan rawutarsa ta MikroTik (na'urar da ke raba intanet), kowa ya samu adireshin cikin gida mai farawa da 192.168, a waje kuma duk da adireshi ɗaya ake fita, kamar gidan haya mai zaure ɗaya, rawuta na gane kowa ne da lambar fot, kamar lambar ƙofar ɗaki.

Masu lilo a intanet da imel lafiya lau. 'Yan VPN ne aka sha fama, na farko ya shiga, na biyu yana shiga sai na farkon ya faɗo, haka aka yi ta yi har azahar mutane sun fara ƙorafi. Ashe tsohon nau'in VPN mai suna PPTP suke amfani da shi, shi kuma ta wata hanyar aika bayanai mai suna GRE yake bi wadda ba ta da fot, to rawuta ta rasa yadda za ta bambance su tunda duk saba ɗaya, wato babbar kwamfutar ofishinsu, suka nufa. Abin da ya burge ni yaron bai yi musu ba, bai ɗora wa kowa laifi ba, ya kira mai kula da kwamfutocin ofishin nasu aka mayar da mutum takwas kan wani nau'in VPN mai suna OpenVPN wanda ke da fot, sauran huɗun da laftof ɗinsu ke kulle ba a iya canza musu VPN ya ba kowa adireshinsa shi kaɗai, na biyar ɗin ya bar wa jama'a. Daga nan har muka tashi taro ba wanda ya sake yankewa, ko da wuta ta ɗauke ma don ya zo da batir.

Inda na ga gazawarsu, ya kamata tun ranar ciniki su tambaya wane irin VPN ne, da ba mu yi asarar safiya guda ba. Sannan waifai na can bayan ɗakin ba ƙarfi sai da suka ƙaro na'ura washegari, amma ba su ƙara ko kwabo a kan kuɗin da muka yi ba. Taronmu na bayan Sallah su zan kira in sha Allahu, kuma zan tura musu sunan VPN ɗin tun da wuri.