Magen tawa ta tsufa a Ingila, har da furfura

Yaya barka da war haka, ya yara ya jikin Inna. Kin ce in ba ki labarin magen da kika gani a bidiyo kina ta dariya wai na zo Turai na koma renon kyanwa, to bari ki sha labari.

Baƙa ce wuluk sanda maƙwabciyata ta bar min ita, yanzu shekararta 13, kawai sai na ga bayanta ya fara yin ja-ja kamar tsatsa ga furfura a haɓa da gefen hanci, gashi kuma ko ina, kujera, kafet, baƙar rigata kam ba a magana. Da a gida ne wa zai lura, mu da mage ai ta kama ɓera ta samu wuri ta kwanta shikenan, wa ya taɓa ƙirga mata shekaru balle ya duba launinta.

Na kwashe ta sai asibitin dabbobi. Likitar ta ce furfurar tsufa ce kawai irin tamu, jan kuma yawanci rana ce tunda kullum tana shanye a taga, amma wani lokacin ƙarancin wani sinadari ne wai tairosin a abinci, da shi jiki ke haɗa baƙin launi. Abin da ya ban mamaki zubar gashin, ni na ɗauka zafi ke kawo shi ashe tsawon yini ne, kin ga a Landan a watan Yuni rana na kai awa 16 da ɗoriya, a Disamba ko awa 8 ba ta cikawa, to da yini ya fara tsawo sai ta zubar da gashin hunturu. Wadda ke zaune cikin gida ga fitila ga hita kuwa duk shekara cikin zubarwa take. Sun ɗebi jininta don duba ciwon ƙoda da na tayirod, wani ƙulli da ke maƙoshi, saboda su ne ke kama tsofaffin kyanwoyi, Alhamdulillah lafiya lau, sai ciwon gaɓoɓi, shi ya sa ta daina kaiwa bayanta ta lashe har gashin ya cukurkuɗe. Wannan binciken kam na yaba musu wallahi.

Amma fa aljihu ya ji jiki, NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnati, ta mutane ce banda dabbobi, inshora kuma da mage ta tsufa sai ta yi tsada kuma ciwon da ta riga ta kamu da shi ba sa biya. Ga doka tun 10 ga Yunin 2024 dole a sa wa kyanwa ɗan ƙaramin cif mai ɗauke da lambar shaidarta a ƙarƙashin fata, in ka ƙi tara na iya kaiwa fam 500.

Kanti kuwa layi guda sukutum na kyanwoyi ne, abincin masu shekara 7 daban na 11 daban, har da man da take lasa don gashin da ta haɗiye ya wuce, rabi dai neman kuɗi ne in kin tambaye ni. Buroshi ɗaya mai araha shi ya fi min amfani, kullum da dare ina taje ta tana gurnani. Don Allah ki duba min magen Inna ko ita ma ta fara furfura, ki turo hoto.