Ƙuri'ar Yuro Ɗaya a Gasar Waƙa ta Eurovision: Abin da Na Saya da Abin da Na Samu

Tun daga shekarar 2023 masu shirya gasar waƙa ta Eurovision suka bai wa mazauna ƙasashen da ba sa shiga gasar damar jefa ƙuri'a ta intanet, ni kuma na yi amfani da wannan dama a gasar da aka gudanar a birnin Basel na ƙasar Suwizalan a watan Mayun 2025. Hukuncin da na yanke bayan an tashi shi ne, kallon ya cancanci lokaci da datar da mutum zai kashe, shafin zaɓen yana aiki yadda ya kamata, amma nauyin da aka bai wa ƙuri'ar wanda ke wajen ƙasashen gasar bai kai kuɗin da ake karɓa a hannunsa ba, musamman a daren ƙarshe.

Ƙungiyar kafofin watsa labarai ta Turai, wato EBU mai hedikwata a Jeniba, ita ce mai gasar. An fara ta ne ranar 24 ga Mayun 1956 a Lugano, wani gari da ke bakin tafki a gindin duwatsun kudancin Suwizalan, inda ƙasashe 7 suka kawo waƙa biyu-biyu. A can baya ƙananan garuruwa sukan samu baƙuncinta. A 1982 an yi ta a Harrogate ta Ingila, garin da ya yi suna da ruwan ma'adinai da ake zuwa wanka da shi domin neman lafiya, sannan a 1993 aka kai ta Millstreet ta ƙasar Ailan, wadda mutanenta ba su fi 1,500 ba a lokacin. Yanzu wannan ya wuce, domin ana neman zauren da zai ɗauki mutum kusan 10,000, da filin jirgin sama a kusa, da dubban ɗakunan otal, abin da ya sa manyan birane kaɗai ke iya shiga takarar baƙunci. Ni dai na fi son a ce har yanzu ana iya kai ta irin waɗancan garuruwa, amma wanda ya ga yawan fitilu da na'urorin da aka jibge a zauren St. Jakobshalle na Basel zai gane dalilin da ya sa hakan ya gagara.

Kallon kyauta ne a tashar gasar ta YouTube, kuma lokacinsa ya yi wa mazaunin Najeriya da Nijar daidai, tunda ƙarfe 9 na dare agogon Basel ƙarfe 8 ne a nan. An yi zagayen share fage biyu ranakun 13 da 15 ga Mayu, aka yi na ƙarshe ranar 17, kuma wannan na ƙarshen ya ɗauki kusan awa 4, saboda haka sai mutum ya tanadi caji da data mai yawa, ko kuwa ya rage ƙarfin hoton. Babu mai sharhi a kan abin da ake watsowa ta YouTube, sai muryar masu gabatarwa kawai, kuma wannan ya yi mini daɗi, domin babu wanda zai tsoma mini ra'ayinsa kafin in ji waƙa da kunnena. Illarsa ita ce sabon mai kallo ba shi da wanda zai fayyace masa ƙa'idojin, kuma ƙa'idojin suna da yawa. Waƙa ba ta wuce minti 3, mutanen da ke kan dandamali ba sa wuce 6, dole babban mawaƙi ya rera da bakinsa a wurin, amma kiɗan wanda aka riga aka naɗa ne. Ƙasashe 37 ne suka shiga a 2025, guda 26 suka kai daren ƙarshe, kuma a cikinsu akwai Birtaniya da Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya waɗanda suka wuce kai tsaye saboda su ne suka fi zuba kuɗi, sai kuma mai masaukin baƙi.

Ta fuskar tsari da ɗaukar hoto ban ga abin kushewa ba. Tsakanin waƙa da waƙa ana nuna ɗan gajeren fim na mawaƙin da ke tafe yana yawo a wani sashe na Suwizalan, kuma kafin fim ɗin ya ƙare, cikin ƙasa da minti ɗaya, ma'aikata sun kwashe kayan wancan sun kafa na wannan. Wakilin Ostiriya, JJ, wanda ya fito daga waƙar opera ta Biyana, babban birnin ƙasarsa, an nuna shi ne cikin hoto baƙi da fari a kan wani ɗan kwale-kwale, iska na kaɗa tufafinsa, kyamara na tangaɗi, har mai kallo ya manta cewa a kan busasshen dandamali ake. Wakilan Suwidin kuwa, samari uku 'yan ƙasar Finlan masu magana da harshen Suwidin, ɗakin wankan tururi suka kafa a tsakiyar fili da itace da bokiti, suna waƙar barkwanci da karin harshen yankinsu, kuma rabon da Suwidin ta aiko waƙa da harshenta tun 1998. Wannan komawa ga harsunan gida da ƙasashe da dama suka yi ita ce ta fi burge ni a gasar. Sai dai wajibi ne in gaya wa mai karatu cewa shigar wasu mawaƙa da rawarsu da kalaman wasu waƙoƙin ba irin waɗanda magidanci zai zauna da 'ya'yansa su kalla ba ne, don haka wanda ke son kallo da iyali ya fara duba faifan waƙoƙin, waɗanda ake sakewa makonni kafin gasar, ya san inda zai tsallake.

Shi zaɓen ana yin sa ne a shafin esc.vote. Mutum zai ga jerin ƙasashe da tutocinsu da sunayen mawaƙa, ya danna wa wanda yake so adadin ƙuri'un da ya ga dama, yana iya tara su wuri ɗaya ko ya rarraba, sannan ya biya da katin banki. A 2025 kowace ƙuri'a Yuro 0.99 ce, kuma kati ɗaya yana iya jefa har guda 20 a kowane dare. An kuma yi wa na nesa adalci ta wajen lokaci, domin tun daga 2024 ana buɗe musu zaɓe kusan awa 24 kafin a fara shiri, saboda waɗanda dare ko wurin aiki zai hana su kallo kai tsaye. Matsalar da na ci karo da ita daga gida take, ba daga shafin ba. A lokacin bankuna da yawa a Najeriya sun dakatar da biyan kuɗi a ƙetare da katin naira, nawa ma bai shiga ba, sai da na koma ga katin dala, shi kuwa nan take ya wuce. Ƙuri'u kaɗan na jefa, domin da na cika 20 ɗin da kuɗin ya haura naira 30,000 a canjin wancan lokacin, kuma ban ga waƙar da ta isa in yi mata wannan hidima ba.

Inda na fi tsayawa shi ne lissafin abin da wannan kuɗi yake saya. Kowace ƙasa da ke cikin gasar tana ba da maki kashi biyu a daren ƙarshe, ɗaya daga alƙalanta, ɗaya daga jama'arta, kuma kowane kashi ana raba shi ne ga waƙoƙi 10: ta farko 12, ta biyu 10, sannan daga 8 zuwa 1, jimilla 58 ke nan. Duk sauran duniya kuwa an haɗa ta wuri guda an ba ta kashi ɗaya tak, kamar dai jama'ar ƙasa ɗaya, ba ta kuma da alƙalai. A Basel an raba kashi 37 na alƙalai da 38 na jama'a, wato maki 4,350, kuma namu 58 ne a ciki, ɗan abin da ya haura ɗaya cikin ɗari. EBU ta ce an jefa ƙuri'a daga ƙasashe 146 a wannan shekarar, ma'ana ƙasashe fiye da 100 ne suka yi tarayya a kan nauyin da jama'ar Aislan, waɗanda ba su kai rabin miliyan ba, suke da shi su kaɗai. A cikin wannan ɗan rabon ma masu zaɓe daga Amurka da Kanada ne suka fi yawa, kuma Yuro ɗaya ba ya yi musu nauyin da yake yi wa mai karɓar albashi da naira ko sefa. Ban ce an yi zalunci ba, tunda gasar ta kafofin da ke biyan kuɗin shiga ce, kuma daga Afirka Maroko kaɗai ta taɓa shiga, sau ɗaya, a 1980. Abin da nake cewa shi ne mai saye ya san girman abin da yake saye kafin ya danna.

A zagayen share fage lissafin ya fi sauƙi. Daga 2023 zuwa 2025 jama'a ne kaɗai ke yanke hukunci a wannan mataki, kuma a Basel kashi 19 aka raba a daren farko, 20 a na biyu, saboda haka rabon sauran duniya ya kai kimanin biyar cikin ɗari. Tunda ƙasashe 10 ne ke wucewa a kowane dare, kuma tazarar da ke tsakanin ta goma da ta sha ɗaya wani lokaci ba ta da yawa, a nan ne ƙuri'ar na nesa za ta iya yin tasiri. Ni ma a nan na kashe mafi yawan abin da na kashe, a kan waƙoƙin da na ga ba su da maƙwabta ko 'yan ci-rani masu yawa da za su ɗaga su.

Ko jama'ar cikin gasar ma ba su ne ke da ta cewa ta ƙarshe ba, kuma shekara uku a jere hakan ya tabbata. A Libaful ta Ingila a 2023 Finlan ce ta fi samun makin jama'a da 376, amma Loreen ta Suwidin ta ci. A Malmo ta Suwidin a 2024 Kuroshiya ta zo ta ɗaya a wurin jama'a da 337, kofin ya tafi Suwizalan. A Basel Isra'ila ta samu 297 daga jama'a da 60 kacal daga alƙalai, ta tashi da 357, Ostiriya kuma ta haɗa 258 na alƙalai da 178 na jama'a ta ci da 436. Yadda ake sanar da makin ma gwaninta ce ta riƙe mai kallo, domin sai an gama karanto na alƙalai ƙasa bayan ƙasa, sannan a fara bayyana na jama'a daga ƙasan jeri zuwa sama. Abin da ya fi tsaya mini a rai a daren shi ne lokacin da aka zo kan mai masaukin baƙi. Zoë Më ta Suwizalan tana ta biyu a wurin alƙalai da maki 214, kyamara na kanta, zaure ya yi tsit, sai aka ce jama'a ba su ba ta ko ɗaya ba. Waƙarta mai sanyi ce da Faransanci, ba rawa ba tartsatsin wuta, irin wadda kowa zai ce ta yi daɗi amma ba wanda zai zaro kati dominta. Tsarin da ke ƙirga waƙoƙi goma na sama kawai ba ya tausaya wa waƙar da kowa ya ajiye a ta goma sha ɗaya.

Wannan tsari yana kuma fifita wanda magoya bayansa suka haɗa kai. Masu son waƙa don waƙa sukan watsa ƙuri'unsu a kan ƙasashe 25, su kuwa masu zaɓe don wata manufa sai su tara duk nasu, guda 20 a 2025, wuri ɗaya, kuma mai katuna da yawa yana iya maimaitawa. Makin 12 na sauran duniya ya tafi Isra'ila ne a daren ƙarshe na 2023 da 2024 da 2025, kuma bayan gasar Basel sashen binciken labarai na EBU da kansa ya bayyana cewa wata hukumar talla ta gwamnatin Isra'ila ta biya tallace-tallace a intanet na kiran mutane su zaɓi wakiliyarta. Kafofin ƙasashe irin su Sifaniya da Beljiyam sun nemi a sake duba tsarin. A watan Nuwamban 2025 aka sanar da cewa daga gasar 2026 ta Biyana an rage ƙuri'un kati ɗaya daga 20 zuwa 10, an dawo da alƙalai zagayen share fage, an ƙara yawansu daga 5 zuwa 7 a kowace ƙasa, an kuma tsaurara doka a kan kamfe ɗin da gwamnatoci ke ɗaukar nauyinsa. Duk da haka Sifaniya da Holan da Ailan da Sulobeniya da Aislan suka janye a watan Disamba saboda an bar Isra'ila a gasar alhali ga abin da ya faru a Gaza. Wanda wannan batu ya dame shi, kuma na san masu karatu da yawa ya dame su, yana da hujjar ƙin sa kuɗinsa a ciki, kuma kallon YouTube ba ya buƙatar ya biya kowa.

Rage ƙuri'un zuwa 10 gyara ne mai kyau, ko da yake bai taɓa matsalar mai katuna da yawa ba. Dawo da alƙalai kuwa ya rage rabon sauran duniya a share fage da kusan rabi, wato ya rage amfanin wurin da na ce kuɗin mutum ya fi aiki. Shawarata ga mai son gwadawa ita ce ya kalli dare ukun in yana da hali, ya tabbatar katinsa na biya a ƙetare tun kafin ranar, ya kuma tabbatar ba a ƙasar da ke cikin gasar aka fitar da katin ba. In wata waƙa ta kama shi, ya jefa mata ƙuri'a ɗaya ko biyu a zagayen share fage, ya bar daren ƙarshe ga kallo.