Shaidar kuɗi don bizar karatu: wace hanya ce ta fi, kuma wacce za ka guje wa

Duk wanda ya taɓa raka ɗa ko ƙane neman bizar karatu ya san samun gurbi a jami'a shi ne mai sauƙin. Inda ƙafa ke sarƙewa shi ne ranar da aka ce kawo shaidar cewa yaron nan yana da abin da zai ci, ya biya haya, har shekara ta zagayo. Na bi wannan hanya sau biyu saboda ƙanena, na farko muka yi asara, na biyu Allah ya dafa mana. Tun daga lokacin, duk wanda ya zo mini da maganar ƙasar da zai zaɓa, abu uku nake tambayarsa kafin mu taɓa sunan jami'a: kuɗin da za a nuna, a naira zai zauna ko a kuɗin waje? Asusun wa aka yarda a nuna? In aka hana biza, me zai dawo hannunka?

Bari in fara da Ingila, tunda nan yawancin mutanenmu ke fara hange. Ƙa'idarsu a rubuce take. Za ka nuna ragowar kuɗin makaranta na shekarar farko kamar yadda yake a takardar CAS, wato shaidar samun gurbi da jami'a ta ba ka, ka ɗora kuɗin zama na wata 9. Daga Janairun 2025 kuɗin zaman ya koma fam 1,483 a wata ga mai karatu a Landan, fam 1,136 ga na wajenta, wato fam 13,347 ko fam 10,224, kuma an sake ɗaga shi a Nuwamban shekarar. Dole kuɗin ya kwana 28 a jere a asusu ba tare da ya gaza ko da na yini ɗaya ba, sannan ranar ƙarshe da ke kan sitetimen ɗin banki kada ta wuce kwana 31 kafin ranar da ka miƙa takardu. Ban da wannan akwai kuɗin lafiya na fam 776 a kowace shekara, da gwajin tarin fuka.

Abu biyu ne suka sa ba na ba kowa shawarar wannan hanya sai mai ƙarfi sosai. Na farko, asusun ɗalibi ko na iyayensa ko na wanda doka ta ba riƙonsa ake karɓa, sai kuma na mata ko miji bisa sharaɗi. A wurinmu baffa uba ne, kawu ma haka, kuma sau da yawa yayan da ke kasuwa shi ke ɗauke da karatun gidan gaba ɗaya. Jami'in biza bai san wannan ba. Sai an kwashe kuɗin an zuba a asusun mahaifi, a haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsa, sannan a yi fatan Muhammadu da ke kan takardar haihuwa bai zama Mohammed a banki ba. Gona, shanu, buhunan hatsi a sito, kayan shago a Kantin Kwari, duk ba sa shiga lissafi sai an mai da su tsabar kuɗi.

Na biyu shi ne wanda ya ƙone mu. Ingila tana auna nairarka ne da farashin canji na shafin OANDA a ranar da ka miƙa takardu, ba ranar da ka zuba kuɗin ba. Mun zuba namu a asusun Baba a farkon Janairun 2024, har da ɗan rara a kai. A kwanakin ƙarshe na watan, dala a farashin hukuma ta tashi daga wajen naira 900 ta haura 1,400. Kuɗin yana nan yadda muka ajiye shi, ko kwabo ba a taɓa ba, amma ya daina isa. In ka cika giɓin, kwana 28 ya koma farko. Kafin mu tattaro cikon, lokacin shiga aji ya wuce. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba, domin a watan Mayun shekarar an yi ta labarin ɗaliban Najeriya a Jami'ar Teesside da suka kasa cika kuɗin makaranta bayan faɗuwar naira, har aka ce wasunsu su bar ƙasar. In dole sai Ingila, to a ajiye kuɗin a asusun fam ko dala tun ranar farko.

Yanzu ga wadda nake so, kuma ba na ɓoyewa: asusun kulle na Jamus, wanda su suke kira Sperrkonto. Ana buɗe shi da sunan ɗalibi tun yana gida, ta intanet, da fasfo. A tura kuɗin shekara guda gaba ɗaya, wanda tun Satumban 2024 ya zama yuro 11,904. Da zarar ya shiga, kamfanin da aka buɗe asusun a wurinsa zai ba da takardar tabbaci, ita za a kai ofishin jakadancin Jamus a Najeriya. In yaro ya sauka, ya yi rajistar adireshinsa, ya buɗe asusun yau da kullum, sai a riƙa sakar masa yuro 992 duk wata. Adadin ba da ka aka yanke shi ba, an ɗaure shi ne da mafi girman tallafin da Jamus ke ba ɗalibanta, shi ya sa in wancan ya tashi wannan ma yake tashi.

Ka auna shi da tambayoyina uku. Ranar da nairarka ta zama yuro, ka fita daga fargabar canji, ko dala ta kai nawa gobe takardarka ba ta motsi. Babu ƙirgen kwana 28. Baffa ko yaya na iya turawa, illa dai a shirya amsa tambayar wane ne ya tura da kuma inda kuɗin ya fito. In kuma aka hana biza, ka kai takardar hanin, a mayar da kuɗin asusun da ya fito, abin da za ka rasa shi ne ladan kamfani da na tura kuɗi da yuro 75 na biza. Akwai wani alheri da ban lura da shi ba sai daga baya. Yaro ɗan shekara 22 da bai taɓa riƙe miliyan ɗaya ba, in ka damƙa masa kuɗin shekara a dunƙule, ka ɗora masa jarabawa. Wannan tsari yana ba shi ne kamar albashi, kuma ko wani daga gida ya bugo yana neman rance, ba shi da ikon taɓa na watan gaba. Hajiyarmu ta fi kowa samun natsuwa da wannan.

Abin da ya ƙara masa armashi shi ne yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai 'yan ɗaruruwan yuro na rajista a kowane zango. Akwai togaciya: jihar Baden-Württemberg tana karɓar yuro 1,500 a zango daga 'yan wajen Tarayyar Turai tun 2017, jami'ar fasaha ta Munich ma ta fara caji a 2024. Ɗalibi yana da izinin aiki na cikakkun kwanaki 140 a shekara. Saboda haka kuɗin da ka kulle ciyar da ɗanka zai yi, ba jami'a ce za ta haɗiye shi ba.

Yana da nasa nauyin. Tara yuro dubu 12 a tashi ɗaya ba wasa ba ne, mu sai da muka sayar da fili. Jiran ranar ganawa a ofishin jakadanci yana cin rai. Yuro 992 bayan an cire inshorar lafiya ba ya kai mutum ko'ina a Munich, gara ƙaramin gari. In shekara ta cika kuma za a sake neman shaida wajen sabunta izinin zama. Kamfanonin da aka fi sani su ne Fintiba da Expatrio da Coracle, bambancinsu a ladan buɗewa da na wata ne, kuma ba shi da yawan da zai hana ka barci. Mai ɗan'uwa mazaunin Jamus da ke da albashi mai kauri yana iya sa shi ya sa hannu a takardar ɗaukar nauyi a ofishin baƙi na garinsu, amma wannan alkawari ne da doka za ta bi shi a kai, kada a matsa wa kowa.

Kanada tana da mai kama da wannan, wato GIC, sai dai kuɗin zama ya tashi daga dalar Kanada 10,000 zuwa 20,635 a Janairun 2024, ya sake komawa 22,895 a Satumban 2025, ga kuɗin makaranta mai tsada a kai, ga hanyar gaggawa ta ɗaliban Najeriya an rufe ta a Nuwamban 2024, kuma GIC ajiya ce mai kuɗin ruwa, wanda mai kiyaye addininsa zai so ya tambayi malami a kai. Amurka kuwa ka biya dala 350 na SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, da 185 na biza, a sallame ka cikin 'yan mintoci, wani lokaci ba a ko buɗe takardun bankinka ba. Wasiƙar cikakken tallafin karatu irin na DAAD ko Chevening ko PTDF ta fi duk waɗannan, amma ita ba a saye, nema ake yi.

Sai maganar da ta fi damuna. A makon da lissafinmu na Ingila ya rushe, wani ya haɗa mu da ejan. Ofis mai sanyi, hotunan jami'o'i a bango, magana mai daɗi. Ya ce mini, “Yallaɓai, wannan ai ƙaramin abu ne, mu ne za mu nuna kuɗin, kai dai ka biya lada.” Ƙanena ya riƙe hannuna yana cewa, “Yaya, don Allah mu gwada.” Na biya rabin ladan. Bayan kwana uku ya turo sitetimen ta WhatsApp, da tambarin banki da hatimi, kwana 28 cif. Allah ya sa na nuna wa gwaggonmu da ta yi shekaru tana aikin banki. Ta ɗauki biro ta bi layi-layi tana tarawa, sai ga wuri biyu da jimillar ba ta haɗu ba. Ta ce, “Ɗana, wannan a kwamfuta aka ƙera ta, in kuka miƙa kun kashe yaron nan.” Ba mu miƙa ba. Kuɗina bai dawo ba, lambar ejan kuma ta daina shiga.

Ku san abin da ke biyo bayan takardar jabu. Ingila tana tuntuɓar banki don tabbatarwa, in ta kama yaudara haramcin shiga na iya kaiwa shekara 10. Kanada shekara 5 ce. Amurka na iya zama har abada. Sunan yaron ne da zanen yatsunsa ke kan fayil, ba na ejan ba, kuma duk fom ɗin da zai cika nan gaba zai tarar da tambayar ko an taɓa hana shi biza. Cewa “ejan ne ya yi, ban sani ba” ba ta wanke kowa, domin ɗalibi ne ya sa hannu.

Akwai masu hayar kuɗi na gaske, waɗanda za su zuba miliyoyi a asusun da aka buɗe da sunanka, su ɗaure shi yadda ba za ka iya cira ba, ka riƙa biyan wani kaso duk wata. Wannan riba ce tsagwaronta, ko da wane suna aka kira ta. Jami'in biza kuma ba yaro ba ne: asusun da ya saba ganin dubu 200 rana ɗaya ya wayi gari da miliyan 40 ba bayani, Kanada da ke duba watanni 4 baya za ta gani. A ce ma an tsallake, zanen aro ba ya rufe katara. Yaro zai sauka a ƙasar sanyi aljihu wayam, mai kuɗi ya janye abinsa, kashi na biyu na kuɗin makaranta na jiransa. Daga nan ake fara aikin da ya wuce sa'o'in da doka ta yarda, daga nan biza ke lalacewa.

Asusun kullen ma 'yan damfara sun shigo shi. Wani zai ce ka turo masa naira shi zai zuba maka yuro da sauƙin farashi, ya turo maka takardar tabbaci ta bogi. Wani zai buɗe shafi mai kama da na kamfanin, harafi ɗaya ne bambanci. Yaron ya buɗe asusun da kansa, da imel ɗinsa da lambar sirrinsa, ya tabbatar shafin kamfanin na gaskiya ya shiga. Lambar asusun da za a tura wa a ɗauko ta daga cikin manhajar, kada a karɓe ta daga saƙon kowa. In ɗan canji ne zai tura, ko a Wapa yake ko a Abuja, a riƙe rasit mai ɗauke da sunan wanda ya tura, domin ta wannan asusun kuɗin zai dawo in an hana biza. Mu ta banki muka tura namu, ya ɗauki kwanaki kafin ya bayyana, kuma ban bar ƙanena ya buga takardar tabbacin ba sai da muka ga adadin da idonmu a cikin manhajar.