Coartem ko mai piperaquine ga Hajiya mai ciwon zuciya?

'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin tambayi wane maganin maleriya ya fi dacewa da ita, Coartem ko mai piperaquine. Tunda tana kan Lasix, maganin da ke rage ruwan jiki ta fitsari, artemether-lumefantrine za ki saya mata, wato su Coartem.

Shi muke ajiyewa saboda Baba. Bara da damina zazzaɓi ya kwantar da shi, na dama masa madara mai kauri ya kora ƙwayoyin da ita, domin lumefantrine ba ya shiga jini sosai sai da maiƙo. Bayan awa 8 ya sha na biyu, daga nan safe da dare har aka cika kwana 3. Kafin ya gama shan maganin ya koma alwala da kansa, bugun zuciyarsa kuma bai taɓa rikicewa ba. Dihydroartemisinin-piperaquine kuwa, na taɓa saye, yana kashe zazzaɓi, sau ɗaya ake sha a rana, iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Ga dalili: duk bugun zuciya ɗaya, sai sinadarin fotashiyam ya fice daga ƙwayoyin naman zuciya ta wasu ƙananan ƙofofi da ake kira hERG, sannan naman ya saki ya shirya wa bugu na gaba. Piperaquine yana tare waɗannan ƙofofin, sai sakin ya yi jinkiri. Wannan jinkirin ne likita ke gani a takardar ECG, wato awon bugun zuciya, ya ce QT ya yi tsawo. Idan ya haura milisakan 500, bugun na iya harɗewa, mutum ya sume, wani ma shi ke nan. Mai lafiyayyar zuciya yakan sha ya wuce lafiya. Amma Lasix yana zubar da fotashiyam ta fitsari, ga amai da gudawar zazzaɓi su ƙara kwashe na jini, kuma ƙarancinsa na ƙara tsawaita QT. Matsalar tsawaita QT ɗin nan ce ta sa likitoci suka juya wa halofantrine, wani tsohon maganin maleriya, baya. Lumefantrine ɗan'uwansa ne, sai dai tasirinsa a kan ƙofofin bai kai ko kusa ba.

Duk da haka takardar cikin kwalin Coartem ma ta yi gargaɗi ga masu dogon QT. Don Allah a fara yi mata gwajin maleriya, likitanta ya duba fotashiyam da ECG, ki tafi masa da duk magungunan da take sha a leda.

Sannan ki kiyayi masu kemis ɗin da ke ɓare ƙwayoyi su ƙulla miki "haɗi". Sukan cusa erythromycin ko ciprofloxacin da sunan taifod, alhali su ma suna tsawaita QT, kuma ba za su tambaye ki ciwon zuciya ba. Ki karɓi kwali a rufe mai lambar NAFDAC, ki kankare wurin lambar tantancewa ki tura saƙo tun kina tsaye a shagon. In ya hana ki kankarewa, ki karɓi kuɗinki ki yi gaba.